Amru bin Asi bai ƙona ɗakin karatun Iskandariyya ba

An daɗe ana yaɗa labarin cewa da Amru bin Asi ya ci Masar, sai ya tambayi Halifa Umar yadda zai yi da littattafan Iskandariyya. Wai Umar ya ce in sun dace da Alƙur'ani ba a bukatarsu, in sun saɓa masa a ƙone su. Wai har wata shida aka yi ana hura wutar gidajen wanka da su.

Labarin na da daɗin ji, amma bai da tushe. Iskandariyya ta shiga hannun Musulmi a 642, shi kuwa wannan zance bai bayyana a rubuce ba sai ƙarni na 13, kusan shekara ɗari shida bayan nan. Malamin da labarin ya ce ya roƙi Amru littattafan, Yahaya Nahawi, ya riga ya mutu wajen 570. Ina suka haɗu? Yohana na Nikiyu, limamin Kibɗawa (Kiristocin Masar) da ya rubuta tarihin cin Masar a ƙarnin da abin ya faru, bai ambaci wannan gobara ba, alhali bai yi wa Amru sassauci ba.

Ɗakin karatun ma ya jima da lalacewa. Wuta ta taɓa littattafan birnin tun zamanin Yuliyas Kaisar, shugaban Rumawa. Aikin Amru a Masar shi ne kafa birnin Fusɗaɗ da masallacinsa da tara haraji. Halifa Usman ya sauke shi, Mu'awiya ya mayar da shi.