Waiwaye: Yadda direba ɗaya ya koma ɗaukar allunan nuni iri-iri a Linux

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai gyaran salula a kasuwar Maraɗi ya ga wannan abu: waya ta faɗi gilashinta ya tsage, mai gyara ya ɗauko wani sabo mai girma ɗaya, ya soke siririyar igiyarsa a mazauninta, wutar baya ta kama, amma fuskar ta tsaya fari fat babu hoto. Yakan ce wa mai waya, "Alhaji, wannan bai hau ba, sai an samo na kamfaninsa." Maganarsa gaskiya ce, sai dai dalilin yana cikin manhajar da ake kira direba, wato layukan umarnin da ke koya wa na'ura yadda za ta tashi allo, kuma tarihin wannan direba ne ya kamata ɗalibanmu masu koyon ilimin kwamfuta su sani.

Allon kwamfutar tebur yana faɗin sunansa da kansa. Tun 1994 ƙungiyar VESA ta fito da tsarin EDID, wanda ta hanyarsa allo ke shaida wa kwamfuta girmansa da saurin da yake iya karɓar hoto. Yawancin allunan salula da na ƙananan na'urori, masu bin tsarin DSI na ƙungiyar MIPI da aka kafa a 2003, ba sa yin haka. Dole ne a gaya wa na'ura komai tun da wuri: yawan ɗigon hoto a tsaye da a kwance, yawan layukan da ke ɗauko bayanai, wutar da za a fara kunnawa da wadda za ta biyo baya, ɗan lokacin da za a jira tsakaninsu, sannan jerin lambobin da ake turawa cikin ƙaramin cif ɗin da ke manne a jikin gilashin kafin ya farka.

A shekarun baya kowane kamfani yakan cusa waɗannan bayanai cikin fayil na musamman ga kowace na'ura, har abin ya yi katutu a Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da na'urori da yawa, musamman a sashenta na ARM, nau'in cif ɗin sarrafawa da akasarin salula ke amfani da shi, kuma a 2011 Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya fito fili ya nuna ɓacin ransa. Daga nan aka rungumi tsarin bishiyar na'urori, wanda asalinsa daga Open Firmware ne, wani tsohon tsarin tayar da kwamfuta, inda ake bayyana kayan da ke cikin na'ura a fayil dabam. A 2014, cikin fitowar Linux mai lamba 3.14, tsarin drm_panel na Thierry Reding, mai kula da direbobin alluna, ya shigo tare da direban panel-simple, wanda ya tattara allunan da ba su buƙatar komai sai wuta da lissafin lokaci.

Allunan da ke buƙatar jerin lambobin farkawa su ne suka rage da wuya, kuma a nan ne aka yi ta maimaita kuskure ɗaya. Mai rubuta direba yana da gilashi guda a hannunsa, sai ya raɗa wa direban sunan wannan gilashin, ya zuba lambobinsa a tsakiyar aikin, alhali kamfanonin da ke haɗa gilashi suna da yawa, masu ƙera cif kuwa, irin su Sitronix da Ilitek da Himax da Novatek, ƴan kaɗan ne. Gilasai goma na iya zama kan cif ɗaya, kamar yadda ƴan ɗaki ɗaya ke da sunaye dabam.

Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne na cif ɗin ST7703. A 2019 an shigar da direba mai sunan gilashin Rocktech JH057N00900, wanda ke kan na'urar gwaji ta wayar Librem 5. Da wayar PinePhone ta zo da gilashin Xingbangda XBD599, sai aka lura cewa cif ɗinsu ɗaya ne, kuma dukansu ɗigo 720 ne a kwance da 1440 a tsaye. Maimakon a kwafe tsohon fayil a canja lambobi, a 2020 Ondřej Jirman ya sake wa direban suna zuwa na cif ɗin, ya ware abin da gilasan suka yi tarayya a kai, wato kunna wuta da sake tayar da cif da kashewa, sannan ya kwashe abin da suka bambanta a kai ya zuba cikin ɗan jadawali na kowane gilashi. Yanzu bishiyar na'urori ce ke ambaton sunan gilashin, direba kuma ya ɗauko jadawalin da ya dace. Direban cif ɗin ILI9881C ma ya bi wannan hanya.

Abin da na fi girmamawa a wannan aiki shi ne haƙurinsa. Masu kula da Linux suna son a raba gyaran kashi-kashi, ta yadda matakan farko ba za su sauya komai a halin tsohon gilashi ba, sai a mataki na ƙarshe a ƙara sabon. Dalilin a bayyane yake: sau da yawa mai gyaran ba shi da tsohon gilashin a hannunsa, kuma rage jira na ƴan milisakan kaɗan ya isa ya bar na'urar wani mutum a wata ƙasa cikin duhu. A ganina wannan ya shafe mu kai tsaye, domin a nan Maraɗi na'ura takan daɗe tana wucewa daga hannu zuwa hannu bayan kamfaninta ya manta da ita, kuma direban da aka haɗe shi ne wanda gyara ɗaya a cikinsa ke isa ga tsoho da sabo tare.

Haɗewar ma tana da iyaka. Direban panel-simple ya yi ta kumbura har a 2021 Douglas Anderson ya cire allunan kwamfutocin cinya masu bin tsarin eDP zuwa nasu direban, wanda ke iya karanta EDID ya gane gilashin da aka saka. A 2022 kuma direban panel-mipi-dbi na Noralf Trønnes ya ba da damar ajiye jerin lambobin farkawa na ƙananan alluna a fayil na waje. Ga allunan DSI na salula dai, har yanzu akasari sai wani ya samo lambobin daga kamfani, ya rubuta jadawalin da hannu, ya gwada a kan gilashi na gaske.