Likitan Iyali: Horo da Fannonin Ƙwarewa

Likitan iyali shi ne likitan da ba ya zaɓen mara lafiya: jariri, mai juna biyu, dattijo mai hawan jini, duk nasa ne. Mutane da yawa na yi masa kallon wanda bai ƙaro karatu ba, alhali fannin kansa ƙwarewa ce mai horo da jarrabawa. Amurka ta amince da shi a matsayin fanni mai zaman kansa a 1969. A Birtaniya kuwa, an kafa kwalejin irin waɗannan likitoci tun 1952.

A Nijeriya hanyar da ɗan tsawo. Bayan shekara 6 a jami'a, da shekarar sanin makamar aiki, da bautar ƙasa, sai likita ya ci jarrabawar share fage kafin ya shiga horo a ƙarƙashin kwalejin ƙwarewar likitoci ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ko takwararta ta Afirka ta Yamma. A matakin farko zai zaga sashen yara, da na haihuwa, da na tiyata, da na taɓin hankali. A na biyu zai rubuta kundin bincike, ya kare shi, sannan ya zama babban likita.

Daga nan hanya take rabuwa. A Amurka horon shekara 3 ne, mai so ya ƙara aƙalla shekara guda ya ƙware a kula da tsofaffi, ko lafiyar 'yan wasa, ko matasa, ko matsalolin barci, ko sauƙaƙa raɗaɗin wanda cutarsa ta ƙi magani. A Kanada shekara 2 ne, ta uku kuma ta ƙarin ƙwarewa ce, misali a sashen gaggawa.

A Nijeriya kuwa, sau da yawa wurin aiki ne ke zaɓa wa likita fanni. Wanda aka tura asibitin karkara zai duba mai ciwon suga da safe, da tsakar dare a taso shi ya yi wa mai doguwar naƙuda tiyata, domin babu wani. Na asibitin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, shi ke riƙe da sashen da marasa lafiya ke fara zuwa, yana kuma koyar da na ƙasa da shi. Wasu sun karkata ga tsofaffi, musamman bayan buɗe cibiyar kula da su a asibitin koyarwa na Ibadan a 2012. Saura kan buɗe asibitin kansu, ko su kama aiki da kamfanoni, inshorar lafiya da ƙungiyoyin agaji, ko su haura ƙasashen waje, inda galibi sai sun sake zama wata jarrabawar kafin a ba su lasisi.