Kwaikwayon fuwel sel a kwamfuta: tambayoyin da ɗalibai ke ta maimaita mini

Fuwel sel batiri ne?

A'a. Batiri ajiye wuta yake yi. Wannan kuwa haɗa haidurojin da oksijin yake yi, ya ba da lantarki da ruwa da zafi muddin ana ba shi iskar. Masanin kimiyya William Grove ya nuna haka tun 1839.

Lissafina ya ba ni bolt 1.23 alhali ana jan wuta daga sel ɗin. Daidai ne?

Kuskure ne. Wannan adadi na ƙa'ida ne, a zafin digiri 25, ba a jan komai. A bakin aiki sel ɗaya bolt 0.6 zuwa 0.7 yake bayarwa. Ka manta asarorin bolt da ake yi idan ana jan wuta, koma ka saka su.

Wace manhaja zan saya?

Kada ka sayi komai tukuna. Akwai COMSOL da ANSYS Fluent, OpenFOAM kuma kyauta ce. Amma fara da lissafin layi ɗaya, wato mai bin kaurin sel ɗin kaɗai, a yaren kwamfuta na Python. Samfurin da Springer da abokan aikinsa suka fitar a cibiyar bincike ta Los Alamos da ke Amurka a 1991 na layi ɗaya ne, har yau ana dogaro da shi.

Sakamakona ya dace da na gwaji idan ana jan wuta kaɗan, amma da an ja da yawa sai su rabu. Me zan gyara?

Kwantar da hankalinka, kusan kowa nan yake tuntuɓe. Galibi ruwa ne. Tantanin Nafion, wanda ke raba gefen haidurojin da na oksijin, sai da danshi yake barin furoton (ƙwayar haidurojin da ta rabu da lantarkinta) ya ratsa, idan ya bushe turjiya ta ƙaru. Amma sel ɗin da kansa yana haifar da ruwa a gefen oksijin, kuma yawan jan wuta yawan ruwa. Idan ya taru sai ya toshe ƙofofin da iska ke bi zuwa filatinom, ƙarfen da ake haɗuwar a kansa, bolt ya faɗi warwas. Samfurin da ya ɗauka duk ruwan tururi ne ba zai ga wannan ba.

Sai dai ban ce lallai shi ne ba. Yana iya zama ka ɗauka zafi ɗaya ne ko'ina, digiri 80 misali, alhali tsakiya ta fi zafi. Yana iya zama ragar lissafinka, wato ƙananan gidajen da ka rarraba sel ɗin a kwamfuta, ta yi faɗi kusa da tantanin. Ƙara mata sirantaka ka ga ko amsa ta motsa. Duba kuma danshin iskar da aka yi gwajin da ita, don busasshiyar iskar hunturu da ta damina ba sakamako ɗaya za su bayar ba. Abin da na hana shi ne murɗa lambobi har layin sakamakonka da na gwaji su hau kan juna. Lambobi daban-daban na iya ba da layi iri ɗaya, ka ga dacewar ba ta tabbatar da komai ba. Canja abu ɗaya, ka rubuta, sannan na gaba.

Zan iya kare aikina ba tare da kwatanta shi da gwaji ba?

Ba a gabana ba. In ba ku da na'urar, ɗauko awon da wasu suka wallafa, ka faɗi na wane ne.