Zaman au pair a Jamus: tambayoyin sabuwar zuwa

Shin au pair 'yar aikin gida ce?

A'a. A tsarin Jamus, mai shekara 18 zuwa 26 ce ke zuwa ta zauna da wani iyali na wata 6 zuwa 12, tana taya su renon yara da ƙananan ayyukan gida, tana kuma koyon Jamusanci. Maza ma suna yi, amma mata sun fi yawa. Aikin ba ya wuce awa 6 a rana, awa 30 a mako. Ɗakinki daban, ci da sha da inshorar lafiya suna wuyan masu gida, sannan akwai kuɗin kashewa Yuro 280 a wata da Yuro 70 a wata na ajin koyon harshe.

Me ya fi wahala a makonnin farko?

Kowa zai ce sanyi. Sanyi kam akwai shi, amma rigar sanyi mai kauri tana maganinsa. Abin da ya fi cin sababbin zuwa daga wajenmu shi ne kunya da kawaici. A gida in aka ce "bismilla", sai ki ce kin ƙoshi, ki jira a sake yi miki tayi. Bajamushiya sau ɗaya za ta tambaya, kina cewa a'a ta kwashe kwanuka, ki kwana da yunwa. Ba rowa ba ce, ta ɗauki maganarki yadda kika faɗe ta. Haka in ana ƙara miki awa kina shiru, za su ɗauka kin yarda. Sunkuyar da kai da muke yi don ladabi kuwa, su sai su ga kamar kina ɓoye wani abu. Dubi uwar gida ido da ido ki ce, "Jiya na wuce awa shida, yaya za mu yi?" A wajensu wannan ba rashin kunya ba ne.

Yaron da ba ya jin magana fa?

Kada hannunki ya kai jikinsa, ko da ranƙwashi ne. Tun shekarar 2000 dokar Jamus ta hana dukan yara, har ga iyayen da suka haife su. Yaro ɗan shekara huɗu zai kira ki da sunanki gatsal, ya tambaye ki dalilin kowane umarni. Tun ranar farko ki tambayi iyayen yadda suke yi in ya yi taurin kai.

Abinci da salla?

Ki faɗa tun kafin ki taso cewa ba kya cin naman alade, domin yana cikin yawancin yankakken naman da suke ɗorawa kan burodi da dare. Shagunan Turkawa da Larabawa suna sayar da naman halal. Lokutan salla ma ki sa su cikin jadawalin aiki.

Kewar gida?

Takan tsananta a Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa wajen ƙarfe huɗu a Balin, babban birnin ƙasar, ga shaguna a rufe ran Lahadi. Kwana kan WhatsApp da 'yan gida ba ya rage ta. Ajin Jamusanci ya fi taimako, can za ki haɗu da masu irin zamanki.

In zaman ya ƙi daɗi fa?

Kowane ɓangare yana iya soke yarjejeniyar da sanarwar mako biyu, kuma ana iya sauya iyali. Amma tunda izinin zamanki a kan wannan aikin aka ba ki shi, ki sanar da ofishin kula da baƙi na garinku da wuri. Fasfonki ya zauna a hannunki, ba mai ikon riƙe miki shi.