Don Allah a daina barin mai yana kwana a kasko

Aikina duba-gari ne, kuma sammako nake yi, don mai tuyar ƙosai ba ta jiran rana ta ɗaga. A makon nan na tsaya wajen masu ƙosai, masu awara, masu soya dankali, da teburin mai shayi biyu. Abin da na tarar wajen wannan shi na tarar wajen waccan: kasko ya kwana a waje da man jiya a cikinsa, ko murfi babu.

Ranar Talata wata dattijuwa, sa'ar mahaifiyata, ta jawo nata daga ƙarƙashin benci a gabana. Man ciki ya yi baƙi ƙirin kamar na inji, burbushin ƙosan jiya ya kwanta a ƙasa, kyankyasai biyu sun mutu a gefe. Ta sa matsami ta tsame su ta yar, ta ɗauko galan ta tsiyaya sabon mai a kai, ta hura wuta. 'Yan makaranta har sun fara layi. Na ce, "Inna, yaushe rabon kaskon nan da ruwa?" Ta yi dariya ta ce, "Ke 'yar nan, ai kaskon tuya ba a wanke shi. Ranar da ya ga sabulu, ranar zai fara kama mini ƙosai."

Na ji wannan magana har na gaji da jin ta. Kuma a gaskiya Inna tana da 'yar hujja. Kaskon baƙin ƙarfe, idan ya sha mai ya sha wuta, yakan yi wata baƙar riga wadda ke hana shi tsatsa, ta hana abinci kamawa. Wannan rigar siririya ce, busasshiya, sumul, in kin shafa yatsa ba abin da zai biyo hannunki, kuma wankin sabulu na yau da kullum ba ya cire ta. Amma wanda nake kankarowa da farce a kaskwananku, mai ɗanko, mai kauri, mai warin ƙauri, wannan dauɗa ce zalla. Tsohon mai ne da ƙonannen ƙulli suka daskare, kuma su ne ma ke sa tuya ta yi baƙi a waje alhali cikinta bai nuna ba.

Da na yi magana sai a ce mini, "Ai wuta tana kashe komai." To, ta kashe ƙwayar cuta a cikin man, na yarda. Matsamin da ya kwana a kan kaskon fa? Farantin da za a zuba ƙosai fa? Hannunki da ya ɗauko su, sannan ya ƙulle wa yaro ƙosai a leda fa? Ɓera ba ya wuce wurin da ya ji ƙamshin mai, kuma inda ya lasa nan yake fitsari da kashi. Ta haka zazzaɓin Lassa ke shiga gida. Tun 1969 aka gano cutar a garin Lassa na jihar Borno, har yau duk rani sai an ji ɓullarta a Bauchi da Taraba da wasu jihohi. Kun sani, muna faɗa a gidan rediyo, muna faɗa a asibiti ranar awo, amma dare na yi sai a tura kasko ƙarƙashin benci a tafi barci.

Shi kansa man, wuta ba ta gyara shi, ƙara lalata shi take yi. Duk lokacin da aka sake ƙona shi sai ya ƙara baƙi, ya yi yauƙi, ya riƙa kumfa, ya fara hayaƙi tun bai yi zafi sosai ba. Wanda ya ci ya wuni da maƙaƙi a wuya da ƙwannafi. Wanda ya shekara yana ci, jijiyoyin jininsa ne ke biyan kuɗin. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna a Najeriya ta kafa ƙa'ida a 2022 kan wani nau'in kitse mai toshe hanyoyin jini, cewa kada ya wuce giram 2 a cikin giram 100 na mai, kuma maimaita ƙona mai yana cikin abin da ke ƙara shi. Ke da kike tsaye a kan hayaƙin nan tun asuba, ke kika fi kowa shaƙa. 'Ya'yanki kuma su ke cin ragowar da ba a sayar ba.

Na san tsadar man gyaɗa, ni ma saya nake yi. Ban ce kullum ki zubar da mai ba, ba ni da wannan rashin tausayin. Cewa na yi kada ya kwana a kasko. In kin tashi, ki bar shi ya huce, ki tace da mataci mai laushi ko ƙyalle mai tsabta, ki juye a mazubi mai murfi. Gobe ki duba: in yana nan garau, ki yi aiki da shi. In ya yi baƙi ko ya canja wari, ya gama aikinsa, kuma tsiyaya masa sabo ba ya dawo da shi, sabon ne zai bi shi ya lalace. Ki riƙa zuba daidai wanda tuyar ranar za ta sha, sai asarar ta ragu.

Ban kuma ce ku jefar da baƙin kasko ku koma na zamani ba. Ni na fi son sa. Yana jure wutar itace, yana kai jika, har ɗan sinadarin ƙarfe mai ƙara jini yakan saki a abinci. Wani bincike da aka buga a 1999 kan yara a Habasha ya nuna waɗanda ake yi wa girki a tukunyar ƙarfe sun fi samun sauƙin ƙarancin jini a kan na tukunyar alminiyum. Kaskon ba shi da laifi.

Ga yadda za a yi, a gurguje:

- Sabon kasko, ko wanda ya daskare: a dirje shi da ruwan zafi da sabulu da soson ƙarfe har ƙarfen ya bayyana. In akwai tsatsa, a haɗa da ita.
- A ɗora a wuta ya bushe ƙarau, a shafa mai kaɗan da tsumma mai tsabta, a sake gogewa kamar ba a shafa ba. A bar shi a wuta har hayaƙi ya ɗauke. A maimaita sau 3 ko 4.
- Kullum bayan tuya: a juye mai, a wanke da soso mai laushi, a busar a wuta, a shafa ɗigon mai, a kife ko a rataye a ɗaki.
- Kada a jiƙa shi ya kwana, kada a watsa masa ruwan sanyi yana da zafi, lanƙwashewa zai yi.
- Miyar tumatir da duk abu mai tsami suna cin rigar, a nema musu tukunya.
- Wajen maƙeri, kada a karɓi wanda aka yanko daga ganga mai fenti ko wadda ba a san abin da ta ɗauka ba.

Masu shayi, har da ku. Kaskon ƙwan nan da kuke gogewa da takarda tun bara, na gan shi. Inna kuwa na ce mata zan dawo ranar Asabar da sosona, mu dirje nata tare, in ƙosai ya kama ni zan biya kuɗin ƙullin.