Kiwon Kunkurun Ruwa a Gida

Kunkurun ruwa, wanda Hausawa ke kira kififiya, dangin kunkurun tudu ne da ke zaune a tafki da kogi da fadama, ba ya fitowa gaɓa sai don shan hantsi ko saka ƙwai. Ana gane shi da ƙoƙon baya shimfiɗaɗɗe da fata tsakanin yatsu irin ta agwagwa, saɓanin na tudu mai ƙoƙo kamar kifaffiyar ƙwarya da ƙafafu masu kauri. Sanin wannan bambanci wajibi ne ga mai kiwo, domin kunkurun tudu bai iya iyo ba, in an jefa shi ruwa mai zurfi nutsewa zai yi, na ruwa kuma ba ya iya haɗiye abinci sai a cikin ruwa.

A kasuwannin dabbobin gida na ƙasashe da yawa ana sayar da shi yana jariri, bai fi murfin kwalba girma ba, cikin 'yar roba mai ruwa kaɗan. Wannan ƙanƙanta ita ce ke yaudarar masu saye. Abin da ya kamata a auna kafin a yanke shawara shi ne girman da dabbar za ta kai, shekarun da za ta yi, ruwan da za ta ci, da kuma su wane ne ke zaune a gidan.

Jinsunan da aka fi kiwo

Wanda ya fi kowanne yaɗuwa shi ne mai jan kunne, Trachemys scripta elegans a sunan kimiyya, da ake gane shi da jan zane a bayan kowane ido. Asalinsa kwarin kogin Misisipi ne a Amurka zuwa arewacin Meziko, kuma gonakin jihar Luwiziyana sun yi shekaru suna fitar da miliyoyin jariransa zuwa ƙasashen waje. Yana ƙyanƙyashewa da ƙoƙo mai tsawon santimita 3 ko ƙasa da haka. Namiji kan tsaya tsakanin santimita 15 zuwa 20, mace kuwa takan kai 25 zuwa 30, wato faɗin faranti babba. Ba a iya bambance mace da namiji sai ƙoƙon ya kai wajen santimita 10, lokacin da namiji ke fitar da dogayen farata a ƙafafun gaba da wutsiya mai kauri. Ke nan mai sayen jariri bai san girman abin da ya saya ba.

Akwai jinsunan da ba sa girma haka. Sternotherus odoratus na gabashin Amurka ba ya wuce santimita 14, kuma ya fi son tafiya a ƙasan ruwa a kan iyo, don haka ƙaramin mazauni kan ishe shi, sai dai yana da cizo, kuma yakan saki wari in an tsorata shi. Malaclemys terrapin kyakkyawa ne, amma ɗan ruwan gishiri-gishiri ne na gaɓar teku, bai dace da sabon shiga ba.

A Afirka ta Yamma akwai na gida: Pelomedusa, mai binne kansa cikin laka da rani ya fito da damina, da kuma dangin Pelusios masu ƙyaure a gaban ƙoƙon ciki. Dukkansu a gefe suke naɗe wuya maimakon su janye shi ciki, girman yawancinsu wajen santimita 20 zuwa 25. Sun saba da zafin yankin, sun kuma fi cin nama.

Shekaru

Mai jan kunne da ya samu kulawa yakan yi shekara 20 zuwa 30, wasu har 40. Yaron da aka saya wa shi yana aji ɗaya na firamare zai iya yin aure dabbar tana nan. Shi ya sa masana ke ɗaukarsa a matsayin dabbar manya, ko da kuwa don yara aka kawo shi. Ga shi ba ya son ɗauka. Yakan gane mai ba shi abinci ya taho da iyo, amma riƙe shi a hannu firgita shi yake yi, ya yi yakushi ko cizo. Dabbar kallo ce kamar kifi, ba ta wasa ba.

Mazauni

Ƙa'idar da masu kiwo suka saba bi ita ce lita 40 na ruwa ga kowane santimita biyu da rabi na tsawon ƙoƙo. Babbar mace ke nan tana buƙatar lita 400 ko fiye, kimanin duro biyu, ko jarka 16 masu cin lita 25. Nauyin ruwan kaɗai kilo 400 ne, ban da tanki da duwatsu, don haka teburin falo ba zai ɗauka ba. Ba dole sai tankin gilashi ba, babbar robar kiwon kifi ko kwarmin siminti da aka wanke sosai yana yi, kuma ya fi araha. Zurfin ruwa ya kai aƙalla tsawon ƙoƙon sau ɗaya da rabi, domin in dabbar ta kife ta iya juyawa. Maganar da ake yi cewa kunkuru yana girma daidai da abin da aka zuba shi ciki ba gaskiya ba ce. A ƙaramin wuri bai fasa girma ba, nakasa kawai yake yi.

Dole a yi masa tudu busasshe ƙarau, mai gangare da zai iya hawa, wanda zai ɗauki dukkan jikinsa. Jikin kunkuru ba ya samar da ɗumi da kansa, daga waje yake samu, kuma da wannan ɗumin yake narkar da abinci. Zafin tudun ya kasance digiri 30 zuwa 35 a ma'aunin Selshiyos, na ruwa kuma 24 zuwa 27. In tudu bai fi ruwa ɗumi ba, ba zai fito ba, ƙoƙonsa kuma ba zai bushe ba. A cikin ɗaki ana rataya fitila biyu a saman tudun, ɗaya ta zafi, ɗaya mai hasken UVB, irin wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, a kunna awa 10 zuwa 12 kullum. Da hasken UVB fatarsa ke haɗa bitamin D3, wanda in babu shi kalsiyam ɗin abinci ba ya shiga ƙashi. Kurakurai biyu ne suka fi yawa a nan. Na farko, gilashi yana tare wannan haske, don haka ajiye tanki a jikin taga ba ya amfanar da komai illa ya dafa ruwan. Na biyu, ƙwan fitilar yana daina fitar da UVB tun yana ci, sai a canja shi bayan wata 6 zuwa 12 ko da bai mutu ba.

A ƙasashe masu rana wannan ɓangaren ya zo da sauƙi: kwarmi a tsakar gida, rabi rana rabi inuwa, ya fi kowace fitila. Sai dai a kewaye shi da bango mai santsi, domin kunkurun ruwa ya iya hawa fiye da yadda ake zato, a kuma rufe wa ƙanana da raga saboda shaho da ɓera da kyanwa. Daren hunturu, lokacin da sanyi ke sauka ƙasa da digiri 15, jarirai na buƙatar a shigar da su ciki ko a sa musu hita.

Aikin da ya fi gajiyar da mai kiwo shi ne tsabtar ruwa. A ruwan yake ci, a nan yake kashi, kuma ƙazantarsa ta ninka ta kifi. Ana sa matatar da aka ƙera don ruwan da ya ninka na tankin sau biyu ko uku. Matatar ba datti kawai take tarewa ba. A cikin sosonta wasu bakteriya masu amfani ke zama, suna juya amoniya mai guba da ke fitowa daga kashi zuwa sinadari mai sauƙin illa, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. Wanda ya wanke soson da ruwan famfo mai kulorin ya kashe su, ya koma farko. Da ruwan da aka ɗebo daga tankin ake ɗauraye shi. Haka nan in wuta ta ɗauke na tsawon awoyi matata ta tsaya, bakteriyar kan mutu saboda rashin iska, abin da ya kamata mazauna wuraren da lantarki ba shi da tabbas su yi la'akari da shi. Duk da matata, kowane mako ana zuƙe rubu'in ruwan da tiyo a zuba sabo. Ga babbar mace jarka huɗu ke nan duk mako, shekara da shekaru. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Kada a shimfiɗa ƙananan tsakuwa a ƙasan tanki, yakan haɗiye su su toshe masa hanji. Ko a bar ƙasan haka nan, ko a sa duwatsun da suka fi kansa girma.

Abinci

Ɗan ƙarami ya fi son nama, yana girma yana komawa ganye. Ginshiƙin abincin shi ne ƙwayoyin da kamfanoni ke haɗawa musamman don kunkurun ruwa, a ƙara da tana, gyare, fara, katantanwa da ƙananan kifi, sai ganye kamar kainuwa, latas mai duhun kore, gurzajjen karas da kabewa. Ma'aunin da aka saba shi ne abin da zai cika girman kansa, kullum ga jariri, bayan kwana biyu ko uku ga babba, ganye kuwa kullum. Kullum a cikin roƙo yake, don haka ƙiba ta fi yunwa kama shi. Busasshen jatan lande shi kaɗai, ko tsokar nama zalla, ba su da isasshen kalsiyam. Burodi, shinkafa da madara ba abincinsa ba ne. Wasu kan ciyar da shi a wata roba daban, su mai da shi bayan ya gama, don rage ƙazantar tanki.

Cututtuka

Kusan duk ciwon kunkurun gida daga mazauni ko abinci yake tasowa. Laushin ƙoƙo, inda bayan ke lotsawa in an danna bayan dabbar ta wuce jarirantaka, alamar rashin kalsiyam ko UVB ce, kuma in ƙoƙon ya karkace ba ya miƙewa. Kumburin fatar ido har ya kasa buɗewa yakan zo daga rashin bitamin A ko dattin ruwa, kuma wanda ba ya gani ba ya ci. Ruɓewar ƙoƙo tana farawa da farin tabo mai laushi da wari, sanadinta ruwa mai ƙazanta da rashin busasshen tudu. Kumfa a hanci, buɗe baki don numfashi, da iyo a karkace alamun ciwon huhu ne da sanyi ke jawowa, sai an kai wa likitan dabbobi. Fitar siraran ɓawo daga saman ƙoƙo kuwa ba ciwo ba ne, saɓa ce ta girma.

Mace takan yi ƙwai ko babu namiji, kamar kaza. In ta ƙi abinci, ta kasa zama, tana tono da ƙafafun baya, a ba ta akwati mai damshin ƙasa da yashi zurfin santimita 20 ko fiye. In ba ta samu ba takan riƙe ƙwan a ciki har ya kashe ta.

Ƙoƙon kunkuru ƙashi ne mai rai, haƙarƙari da ƙashin baya ne suka haɗe, da jini da jijiyoyi a ciki. Huda shi don ɗaura igiya rauni ne, shafa masa fenti kuma cutarwa.

Salmonela

Wannan ne babban dalilin da ke hana wasu gidaje kiwonsa gaba ɗaya. Kunkuru lafiyayye yana ɗauke da ƙwayar Salmonela a hanjinsa ba tare da wata alama ba, tana fita da kashi ta mamaye ruwa da ƙoƙo. A jikin mutum tana jawo gudawa, zazzaɓi da ciwon ciki, daga awa 6 zuwa kwana 6 bayan kamuwa. A 1975 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta haramta sayar da kunkurun da ƙoƙonsa bai kai inci 4 ba, kimanin santimita 10, saboda irinsa ne yara ke wasa da shi suna kaiwa baki. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar tana ba da shawarar kada a ajiye shi a gidan da ke da yaro ƙasa da shekara 5, ko dattijon da ya kai 65, ko mai raunin garkuwar jiki. Wanka ba ya raba shi da ƙwayar. Kariyar ita ce wanke hannu da sabulu bayan taɓa shi ko ruwansa, keɓe masa bokiti da soso nasa, da nesanta ruwan tanki daga madafa da wurin wanke-wanke.

Doka da sakinsa a daji

Masu kiwon da suka gaji sukan kai shi tafki su saki. Ta haka mai jan kunne ya kafu a kusan kowace nahiya, yana ƙwace wa kunkurayen asali abinci da wurin shan hantsi, har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin jerin baƙin halittu 100 mafiya ɓarna a duniya. Tarayyar Turai ta hana shigo da shi a 1997, a 2016 kuma ta hana sayarwa da hayayyafa jinsin baki ɗaya. A Japan, tun daga Yunin 2023, an yarda mai shi ya ci gaba da riƙe nasa, amma sayarwa da sakewa laifi ne. A Ostireliya ajiye shi ma haramun ne a doka. Wanda ya kasa riƙo sai ya nemi wani mai kiwo ko gidan namun daji da zai karɓa.

Lokacin zaɓe

Wanda ya auna duk wannan ya ga zai iya, ya fara kafa mazaunin, matata ta yi makonni tana aiki, sannan ya kawo dabbar. Guda ɗaya ya isa, domin ba ya kewar ɗan'uwa, kuma biyu a wuri ɗaya sukan ciji juna a wutsiya da ƙafa. Wanda aka haifa a hannun masu kiwo ya fi wanda aka kamo daga kogi, don na daji kan zo da tsutsar ciki da matsattsaku, ya kuma ƙi cin abinci. Babba da wani ke neman rabuwa da shi ya fi jariri sauƙi, tunda an riga an san ko mace ce ko namiji, da kuma girmansa. A duba idanu su kasance a buɗe garau, hanci busasshe, ƙoƙo mai tauri marar tabo, kuma in an ɗaga shi a ji nauyi, ya yi ta harbin iska ko ya janye kansa da ƙarfi. Wanda ya saki ƙafafu laƙwas, ko yake shawagi a saman ruwa ya kasa nutsewa, a bar wa mai shi.