Maganar modul ɗin loop a Linux, a karanta kafin a sake tambaya

Ɗaliban Madina da masu gyaran kwamfuta na Jidda kun ishe ni da tambayar yadda ake lodin modul ɗin loop a Linux, kullum ita ce dai, to ga amsa nan gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambaya nan zan turo shi, khalas.

Malam, mene ne ma loop ɗin?

Hanya ce da kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, ke ɗaukar fayil irin ISO (kwafin faifai a cikin fayil guda) ya riƙe shi kamar faifai, ya ba shi suna /dev/loop0, /dev/loop1, haka dai.

Shi ne 127.0.0.1?

A'a. Wancan lo ne na netwok, babu ruwansa da wannan.

Na buga lsmod | grep loop don in ga ko an loda shi, ban ga komai ba, na'urata ta lalace ne?

Kwantar da hankalinka ɗan uwa, babu abin da ya lalace. Buga grep BLK_DEV_LOOP /boot/config-$(uname -r). In ka ga =y, loop ɗin a cikin kanel ɗin yake tun asali, kamar yadda Ubuntu ke yi, babu abin lodi kuma lsmod ba zai taɓa nuna shi ba. In =m ne, to modul ne, wato ɓangaren kanel da ake lodawa daban. Wlh rabin masu kira na da ƙarfe ɗayan dare Ubuntu suke amfani da shi, ba su da wata mushkila, tsoro ne kawai.

To in =m ne, ya zan sa ya riƙa tashi da kansa?

Ka buɗe fayil /etc/modules-load.d/loop.conf da sudo, ka rubuta loop a layi ɗaya, ka adana. systemd, mai tayar da ayyukan tsarin, zai karanta shi duk lokacin da aka kunna na'ura. Tsohon Debian kuma /etc/modules ne. In yanzu kake so, sudo modprobe loop.

Na sa options loop max_loop=64 don in samu loop 64 amma har yanzu takwas nake gani, ko kuma ya ƙi ji gaba ɗaya

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsar ta danganta da na'urarka. Da farko duba inda ka sa layin, don da yawa cikin /etc/modules-load.d suke zuba shi, alhali wurin sunan modul kaɗai yake karɓa, options gidansu /etc/modprobe.d/loop.conf ne. In a daidai ka sa, koma ka duba =y ko =m ɗin can, domin in kanel ya haɗiye loop ɗin, modprobe.d ba ta da iko a kansa, sai dai ka sa max_loop=64 a layin GRUB_CMDLINE_LINUX cikin /etc/default/grub ka yi update-grub ka sake kunnawa. In kuma =m ne kuma komai daidai amma ya ƙi, mai yiwuwa modul ɗin yana tashi tun daga initramfs, ƙaramin tsarin fayil da kanel ke fara lodawa lokacin kunnawa, da tsohon saiti, sai ka sabunta shi, update-initramfs -u a Debian, dracut -f a Fedora, mkinitcpio -P a Arch. Ban ce lallai shi ne ba, amma sau da yawa nan matsalar take.

Sannan in sabar haya ce mai arha irin ta OpenVZ ko LXC, ko cikin Docker kake, kanel ɗin ba naka ba ne, na mai gida ne, duk modprobe ɗin da za ka buga banza ne, sai dai ka roƙi mai sabar ko ka koma sabar KVM mai ba ka kanel naka.

Amma fa ni a ganina, kafin ka wahalar da kanka, tambayi kanka ko kana buƙatar 64 ɗin. Tun kanel 3.1 a 2011 akwai /dev/loop-control, kanel yana ƙirƙiro sabon loop duk lokacin da aka nema, losetup -f ko mount -o loop su za su yi maka. Takwas ɗin nan tsohon zance ne, mutane na kwafo shi daga rubuce-rubucen shekarun baya ba tare da sun duba ba. Sai dai in wani tsohon firogiram ne yake son ya tarar da na'urorin a shirye.

Na yi sabuntawa, yanzu yana cewa Module loop not found

Sabon kanel ya shigo, kai kuma kana kan tsohon da aka goge masa moduls. 'Yan Arch ku ne da wannan. Sake kunna na'urar, haba.

Alhaji yana son kyamarar OBS (manhajar watsa bidiyo) don karatun Ramadan, modul ɗin kyamarar, v4l2loopback, ma haka ake yi?

Hanyar lodin ɗaya ce, ka sa sunansa a modules-load.d. Bambancin shi ne ba ya zuwa da kanel ɗin asali, yawanci sai ka girka v4l2loopback-dkms, kuma in Secure Boot, mai hana lodin abin da ba a sa wa hannu ba, a kunne yake sai an sa masa hannu da MOK, wato makullin mai na'ura, in ba haka ba zai ƙi tashi. Dan Allah a gwada tun Sha'aban, kar a bari sai daren farko bayan tarawihi.